Ni Na Tura Ka Tasha Ta Bakwai

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar zuciyata, Dogona,

Ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi. Yau kwana goma sha tara rabon da in ji ɗanɗanon abinci a bakina.

Jiya yayarka ta same ni a ofis, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce kai ka aiko ta, wai in nemi mai ƙafa biyu, ka yafe mini alkawarinmu. Haba Dogo! Da ƙafarka na yi alkawari? Ƙafar ce take kirana a waya daga kan dutse tana tsokanata, wai ina shan sanyin ofis ina tura bayin Allah cikin rana?

Ka tuna ranar da ka dasa na'urar auna motsin ƙasa a tasha ta bakwai, can kan gangaren dutse? Ka ce in zuba wa allo ido, ka buga ƙafa sau uku a gefenta, layin da ke kan allon ya yi tsalle sau uku a gabana. A wurin oga gwaji ne, ni kuwa na san gaisuwata ce. Na yi ta murmushi har abokan aiki suka fara gyaran murya.

Yanzu ka daure ka ji abin da kowa ya ɓoye maka. Ka san aikina, duba lafiyar bayanan da tashoshi ke aikowa: manhaja ta nuna kore in lafiya, ja in batir ya yi sanyi ko waya ta kwance. Ranar Litinin, ana gobe abin zai same ka, tasha ta bakwai ta yi ja, layinta yana karkata a hankali yana ƙananan rawa. Sau huɗu ta taɓa yi mana haka, duk ruwa ne ya shiga waya. Da na kwatanta ta da tashoshin kusa, aikin minti goma, da na gane. Ban yi ba, ina saurin tashi. Na rubuta “matsalar na'ura”, na sa sunanka a takardar gyara don ka fi kowa sanin hannunta.

Lafiyarta ƙalau, masoyina! Gangaren ne yake zamewa, tana faɗa mini iyakar ƙarfinta, na ƙaryata ta. Washegari ka hau, ƙasa ta rufto maka. Wayyo Allah! Wane ruwa zai wanke mini wannan? Ina zan kai zuciyar da ke son ka, alhali hannun mai ita ne ya tura ka?

Oga ya ce a rubuta a rahoto cewa manhaja ce ta yi kuskure. Na ƙi, na sa sunana. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis, wataƙila aikin ya tafi. Wallahi bai dame ni ba, hukuncinka nake tsoro.

Ranar Juma'a lokacin ziyara zan tsaya a ƙofar ɗakin da aka kwantar da kai. In ka ce a shigo da ni, kafaɗata ce sandarka muddin raina. In ka ce a kore ni, zan juya in tafi. Amma ina roƙonka da girman Allah, in za ka rabu da ni, rabu da ni don abin da na rubuta, kada ka ɗora wa ƙafarka laifina.

Taka, ko ka buɗe ƙofa ko ka rufe, har ƙasa ta rufe mini ido,

Mai duba allo