Cokali Ɗaya Kafin Mota Ta Zo

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya ke da jariranki na ɗakin bakwaini. Na san wayarki tana kulle a loka har ki tashi aiki, shi ya sa na ba Baba Direba wannan takarda, tunda motar 'yan makaranta tana bi ta ƙofar asibitinku.

Tantabara ta tashi da mura. Hanci na zuba, tana atishawa, jikin da ɗan ɗumi. Ƙirjin dai shiru, babu kukan nan da ya sa muka laƙaba mata sunan. Na ɗauki hutu daga kotu, na bar wa abokin aikina buga takardun shari'a. Amma gobe zan tura ta makarantar reno, kuma ina so ki san dalili tun kafin ki ji a bakin wani.

Kin tuna Maman Janar, mai kantin magani a layin bayanmu. Ɗanta Janar da Tantabara tabarma ɗaya suke zama, ko kofin ruwa sai malama ta raba su. A makarantar akwai doka: malama tana tsayawa a ƙofa da na'urar auna zafin jiki, ta nuna wa kowane yaro a goshi, mai zazzaɓi a mayar da shi gida. Bara Janar ya yi mura mai zafi. Uwarsa ba ta son rufe kanti, sai ta ɗura masa cokali ɗaya na maganin zazzaɓi kafin mota ta zo. Na'ura ta ce lafiya lau. Ya wuni yana tari a fuskar 'yata. Sauran ke kika gani da idonki, don ke kika riƙe mini ita ana sa mata robar iska a hanci, leɓenta ya koma shuɗi.

Ba zato nake ba, Yaya, aikina ya hana ni zato. Da bakinta ta faɗa a taron iyaye, tana dariya tana koya wa wasu: "Cokali ɗaya kafin mota, 'yar'uwa. Na'urar ba ta da wayo." Da na tare ta sai ta ce, "Haba Maman Tantabara, mura ce fa. Wane yaro ne ba ya mura?" Asibiti kuwa ko leƙe ba ta yi ba.

Yanzu ta haifi bakwaini, ku kuka sallamo su kwanan nan. An ce Janar ba ya ajiye jaka sai ya sumbaci ƙanwarsa. Ɗazu na je kantin, mijinta ke tsare da shi. Na sayi maganin, irin nata sak. Yana miƙo mini na ce, "Cokali ɗaya ne ko, kafin mota?"

Mura ce fa, Yaya.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki

*

Ke Auta,

Wa alaikis salam. Lafiya nake har na buɗe takardarki. A tsaye nake rubutu a kan teburin allura, ki yi haƙuri da karkatattun layuka.

Tun kina ƙarama haka kike. Wanda ya taka ki ba ki kuka, sai ki je ki zauna ki yi shiru, mu da muka san ki mu fara ɓoye takalmanmu. To wannan ba takalmi ba ne.

Jaririyar nan ni na karɓe ta. Tafin hannuna ya fi bayanta faɗi. Ni na koya mata kama nono, da ƙyar, tana tsotsa tana hutawa kamar mai hawan bene. Murar da za ta sa Janar ya goge hanci a rigarsa ya ci gaba da tsalle, ita dawo mini da ita za ta yi, kuma ban yi miki alkawarin za ta sake fita ba. Ba ita ta riƙe cokali bara ba.

Uwar kuwa ban wanke ta ba. Ranar da ta shigo naƙuda na gane ta, na ɗaure fuska, na yi mata aiki kamar kowa. In kina son ki zage ta, ki je ƙofar kantin ki zage ta, ni zan riƙe miki jaka. Amma Tantabara ba sanda ba ce da za ki ɗauka ki maki wani. Yarinya mai ɗumin jiki gadonta take so, da ruwa mai yawa, da uwarta a kusa. Sai zazzaɓin ya sauka da kansa, ba da cokali ba, sannan a yi maganar makaranta. Ki riƙa sa kunne a ƙirjinta.

Ki amsa mini. Shirunki ne ba na so.

Yayarki

*

Zuwa ga Maman Tantabara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin yarinya? Allah ya ba ta lafiya. Na yi ta kiran wayarki ba ta shiga, na gane rufe ni kika yi, shi ne na roƙi mai guga ya kawo miki wannan.

Baban Janar ya faɗa mini abin da kika saya da abin da kika ce. Shi bai gane ba, har yana yabon hankalinki. Ni na gane.

Kin san ɗakinmu a saman kanti yake, tagar tana kallon shagon mai guga. Kullum da yamma sai in ji muryarki: "A goge mini rigar makarantar nan da kyau, gobe za ta sa." Kin kuma san mota ta ƙofarmu take fara bi kafin ta zagaya taku, ba ni da yadda zan san ko yarinyar za ta hau. Sai in riƙe Janar. Da hantsi in kira malama, ta ce Tantabara ba ta zo ba. Da yamma in sake jin muryarki.

Na roƙi shugabar makaranta ta hana ta shiga sai ta warke sarai. Ta ce in na'ura ba ta nuna zazzaɓi ba, ba ta da hujjar korar ɗan kowa.

Janar ya mayar da ɗakin filin ƙwallo. Jiya na shiga wanka na fito na tarar ya hau gadon jaririya wai zai goya ta. Ɗinkina bai warke ba, ba na iya ɗaga shi, ba na iya barci. In jaririyar ta yi atishawa ɗaya sai in zauna ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka.

Abin bara, wallahi kowa yana yi, ban san ƙirjin 'yarki haka yake ba. Ke ma uwa ce. Don Allah ki faɗa mini ranar da za ki tura ta, ko ki ce ba za ki tura ba. Ko kalma ɗaya ce, ki ba mai guga.

Taki,
Maman Janar

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, na ga kiranki, na kuma san kin tsare Baba Direba da tambayoyi har ya ce zai canza hanya. Kwantar da hankalinki. Tantabara ba ta taka makaranta ba.

Ba zan ce miki wasa nake ba tun farko. Washegarin takardata ta farko na sa mata riga, na ɗaura mata takalmi, na ɗauko kwalbar da cokali na ajiye a kan tebur. Mota ta yi ƙaho a ƙofa. Tantabara ta ɗago da hancinta jajir ta ce, "Mama, in na je zan ba Janar rabin biskit ɗina, ya kai wa bebinsu." Na tsaya ina kallon kwalbar. Sannan na leƙa na ce wa Baba Direba, "Yau dai bari, gobe."

Da yamma na kai wa mai guga rigar, saboda ta yamutse. Ina ɗaga kai na ga labulen saman kanti ya motsa. A nan na gane ba sai na taɓa jaririyar kowa ba.

Rigar nan yanzu ta sha guga har wuyanta yana ƙyalli. Mai guga ya ce, "Maman Tantabara, wannan yarinya a makaranta take kwana ne?" Na ce ya dai goge.

Maman Janar ta rubuto mini. Na karanta kamar yadda nake karanta takardar da lauya ya shigar, ina neman kalma ɗaya ta neman gafara. Akwai "don Allah", akwai "kowa yana yi", akwai "ke ma uwa ce". Kalmar da nake nema babu. Amma ta ce tana zama tana kallon ƙirjin 'yarta yana hawa yana sauka. Wannan kujerar na san ta, Yaya. Na zauna a kanta a asibitinku, kina kawo mini shayi yana hucewa ban sha ba. Na so ta ɗana ta, ta kuwa ɗana.

Za ki ce mugunta ce. Na yarda a rubuta haka.

Zazzaɓin ya sauka da kansa, ƙirji shiru, hancin ma ya bushe. Ta cinye abincinta ta nemi nawa.

Ƙanwarki

*

Maman Janar,

Wa alaikis salam. Ina yi miki barka da haihuwa, Allah ya raya.

Tantabara ta warke. Litinin za ta koma makaranta, babu zazzaɓi, babu cokali. Ki bar Janar ya hau mota.

Ga kwalbar nan na ba mai guga. Ki duba murfin, ba a taɓa buɗe shi ba. Kada ki mayar da ita cikin kaya. Ki ajiye ta a tagar nan ta sama, inda za ki riƙa ganinta da safe kafin mota ta zo.

Maman Tantabara