Habu Ya Sayi Babur Irin Naka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ne ɗanka na fari, Lawali. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma duk wanda na kai wa wannan ƙara cikin masu rai dariya zai yi mini.

Habu ya sayi babur, Baba. Habu dai autanka, wanda ka bari yana tsoron hawan jaki. Daga Damagaram aka ɗoro masa shi a mota har Belbeji. Sabo ne fil, amma an ƙera shi da siffar na da: fitila ɗaya zagayayya, dogon sirdi a shimfiɗe, baƙin tanki mai jan zane. Da na hango shi a ƙofar gida sai da gabana ya faɗi. Naka ne sak, wanda aka sayar shekarar da ka kwanta ciwo.

Ni kuwa bayan rasuwarka babur irin na shiga daji na saya, dogo mai manyan tayoyi, saboda yashin kwarin Tarka. Inna ba ta taɓa sonsa ba. Sai an jawo mata turmi ta taka kafin ta hau, tana hawa tana mita. Duk da haka ni nake kai ta wurin ƙanwarta a wajen Gangara, tunda ni ka riƙe wa hannu ka ce, "Lawali, kai za ka riƙa kai uwarku."

Na zagaya babur ɗin Habu ina neman aibu, kuma na samu. Cikinsa ya yi kusa da ƙasa, yashi mai zurfi zai kama shi. Da damina laka za ta cushe tsakanin taya da murfinta. Ƙyalƙyalin nan da yake ta gogewa da tsumma, ƙaya za ta gama da shi kafin kaka. Na lissafa masa duka, ya ce to, ya ci gaba da gugarsa.

Amma kai ba zan ɓoye maka ba. Ga sabon shiga, babur ɗin ya yi. Ƙafafunsa biyu suna kai ƙasa. Ba shi da nauyi, in ya faɗi shi kaɗai zai tayar da abinsa. In ya murɗa mai ba ya fizgar mutum, a hankali yake ɗauka. Da nawa babur ɗin ne, da ya watsar da shi tun ranar farko. Wannan gaskiyar ce ta fi ƙona mini rai.

Sai ga Inna ta fito. Ta shafa tankin, ta ce a tayar ta ji. Da ya yi ƙara ta juya ta shige ɗaki, ta dawo da buzun nan da kake naɗe mata a bayan sirdi. Ashe yana cikin akwatinta duk shekarun nan, ban taɓa ganin ko gashinsa ba. Da hannunta ta ɗaura shi. Ta hau ba turmi, ba mita, ta ce ranar Juma'a Habu zai kai ta Gangara.

Kishi nake yi, Baba, ni da furfura ta fara fito mini a gemu. Ni ka koya wa tuƙi, ni na karye a hannu ina koyo, ga shi siffar fitila da sautin inji sun ƙwace mini aikina.

Habu bai taɓa shiga yashi ba, cikin gari kawai yake yawonsa. Zuciyata ta ce in yi shiru, ya je ya kafe, Inna ta gane na wa ya fi. Sai na tuna yadda take zama, ƙafafu gefe guda. In tayar gaba ta nutse, ita za ta fara isa ƙasa.

Ranar Alhamis da la'asar na ja Habu bayan gari. Na rage wa tayoyinsa iska, na ba shi abin da ka ba ni: "Kada ka taɓa birkin gaba, kada ka saki mai, ka dubi inda za ka, ba tayarka ba." Ya faɗi, ya tashi, ya kuma faɗuwa, har hannunsa ya zauna.

Da Juma'a ta zo na bi su daga nesa. Suka shiga yashin, babur ya yi rawa, ya miƙe, suka fita. Na ga Inna ta ɗora hannu a kafaɗarsa yadda take yi maka. Ba ta waiwayo ba. Na juya gida, na tarar da turmin a ƙofa inda na saba ajiye mata, na ɗauke shi na mayar cikin gida.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka makwancinka. Allah ya tsare Habu da wadda yake ɗauke da ita, ni kuma ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu ba ta huce ba.

Ɗanka da ka bar wa amana,
Lawali, daga Belbeji