Ɗan Gadar da Ka Ƙi Saya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Alhaji.

Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda mace ke yi wa maigidanta, ina sanar da kai muna nan lafiya, ni da yara da jikoki, har da tsohon kadanka mai baƙin rai, wanda har yau bai taɓa gode wa mai ba shi abinci ba.

Ina yawan tuna shekarun da gwamnati ta tare a Abuja. Siminti da kwanon rufi ba sa kwana a shagonka. Abokanka suna ta jera gidajen haya a Kwamba, kai kuwa ka je ka kewaye daji a hanyar Izom, ka ce gandun namun daji za ka yi. Ni ma na yi maka dariya. Ka ce, "Hajiya, kowa na gina wa mutane ɗaki, waɗanda aka kora daga dajin fa?"

Ka fara da birai da jimina da beguwa. Kura ta zo daga baya, ta mai da kai abokin mahauta, kullum bayan motarka na ƙarnin ƙashi. Mutumin da ba ya yarda ƙura ta taɓa masa babbar riga, sai ga shi tsugune yana lallashin biri ya ci gwanda. Ran Asabar malamai ke kawo 'yan makaranta, 'ya'yan Musulmi da na Kirista, kana gaba kana bayani kamar kai ka raɗa wa kowace dabba suna.

Sai ka aika wa maharban ƙauyuka cewa duk wanda ya tsinci marayan dabba a daji kada ya yanka, ya kawo za ka saya. Da kyakkyawar niyya ka faɗa. Aka yi ta kawo 'ya'yan gada a buhu, ni kuma ka mai da ni uwar goyo. A tsakar gidanmu na Kurmin Sarki nake ba su madara a bulunboti, maƙwabta na leƙe ta katanga. Na yi mita sosai, amma ina son aikin.

Ni na fara lura. Ina goge wani da tsumma sai na ga busasshen jini a gashinsa, na duba ko'ina babu rauni a jikinsa. Na nuna maka. Ran kasuwar Izom ka tafi da kanka, ka zaga wajen masu naman daji, ka yi tambaya. Ka dawo ka zauna a bakin gado ko hula ba ka cire ba. Ashe ba tsintar marayun ake yi ba. Uwar ake harbewa, a sayar da namanta a kasuwa, a kawo maka ɗan. Ka ce, "Ni ne nake sa ana kashe su."

Ka sake aikawa cewa ka daina saye. Babu wanda ya yarda, don an san taushin zuciyarka.

Ina gandun ranar da wani maharbi, Ɗanladi, ya zo da nasa. Ya buɗe buhu a bakin ƙofa. Ɗan gada ne da ko tsayuwa bai iya sosai ba, yana lasar yatsan mai riƙe da shi. Ka ce in kyauta zai bari za ka raine shi, amma ba za ka saya ba. Ya ce to mai farfesu zai saya. Na kalle ka ina roƙonka da ido, ka kau da kai. Ka sani in ka sayi wannan, gobe wata uwar za ta faɗi. Ɗanladi ya ɗaure buhunsa ya hau keke, yana tafe a hankali yana waige, ko za ka kira shi. Ka riƙe ƙarfen ƙofa har ya sha kwana.

Ranar ba ka taɓa tuwo ba. Ban taɓa jin zafinka irin na ranar ba, kuma ban taɓa ganin girmanka irin na ranar ba.

Labari ya zaga cewa da gaske Alhaji yake. Buhuna suka daina zuwa. Daga baya ka kira maharban, har da Ɗanladi, ka ba su aikin yankan ciyawa da share gefen shinge saboda gobarar rani. Ba ka taɓa yi masa gori ba.

Amma abin bai bar ka ba. Kana kwance a asibiti, muryarka ta yi ƙasa, ka tambaye ni ko Allah zai tambaye ka ɗan gadar nan. Na gyara maka bargo, na ce ka huta. Ba ni da amsa a lokacin.

Yanzu ina da ita. Da damina ta faɗi bana, jikarka Maryam ta ja ni bayan gandu, wajen rafi. Can waje da shinge muka hango gada tana kiwo, ɗanta na bin ta yana tuntuɓe. Ba a buhu ya zo ba, Alhaji. Da ƙafarsa ya zo, bayan uwarsa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka kabari, Ya tausaya maka fiye da yadda ka tausaya wa bayinSa marasa baki. In an tambaye ka wancan ɗayan, Allah Ya sa waɗannan su tsaya maka shaida.

Taka har kullum,
Uwar yaranka, Hajiya Binta