Karenka da Barmil ɗin Kawu

Yaya Isa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da iyali. Yaya garin Abu Hujar, yaya ƙafar Inna? Mu nan sai godiya.

Karenka Dunƙule, da ka bar mini amana, ya kusa tafiya. Ran Talata Kawu Sale ya kawo barmil, wato ganga, daga hawasha, gonar auduga, wanda aka juye maganin tsutsa daga cikinsa. Ya ɗauraye shi sau uku, ya ce ai ya tsarkaka, a zuba ruwan sha. Ruwan ɗaurayar ne karen ya lasa a ƙasa. Kafin la'asar yana ta karkarwa, bakinsa duk kumfa.

Na ɗura masa madara da garin gawayi, Kawu yana faɗa wai ina taɓa najasa. Na ce na ji, zan wanke hannu. Yau ya fara ɗaga kai, kuma ba zan bar shi ba sai ya miƙe.

Barmil kuwa na fasa gindinsa da gatari. Kawu ya daina amsa gaisuwata. Ya yi ta fushinsa. Ba don karen nan ba, 'ya'yana ne za su fara sha.

Ka gaida Inna. Ku sa mu a addu'a, har da Dunƙule.

Ƙanwarka,
Hajara