Notunanka suna cikin gwangwani

Baban yara,

"Umma, injin Abba ne ya tsufa, ko Abba ne bai iya gyara ba?" Tambayar da 'yarka ta yi mini ke nan a gaban mai sayar da kayan gyara. Na ce mata duka biyun.

Na kai masa kafireton injin yankan itacen naka. Ya jujjuya shi, ya ce wannan ai ya girme shi. Lambar jikinsa ta goge, sai ka duba wadda ke ƙarƙashin mariƙin injin ka rubuto masa. Ya ce lamba yake so, ban da "irin wannan dai".

Notunan da ka jera a tabarma bi da bi don kada ka manta mazaunin kowanne, ka yi haƙuri, na haɗe su a gwangwani, yana saman kabad. Ɗaya daga bakin Auta na zaro shi. Mun tafi asibiti a duba ko ya haɗiye wani. Ka ƙirga su ka kira ni.

Ka sake kwance injin nan inda yaro ke rarrafe, wallahi mai sayen tsofaffin ƙarafa zan kira ya auna shi a kilo.

Maman yara