Rediyon da Ba Ya Jin Yatsana

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da gwiwar nan taki. Na san za ki ce me ya hana ni kira. Malaminmu na makarantar yamma ya ce wanda ya koyi rubutu da furfura, in ya ajiye biro sai ya koma farko. Ki yi haƙuri da jagwalgwalona.

Kin riga kin ji a saƙon muryar da na tura miki, amma ina so in gani a rubuce: na zama kaka. Mace ce. Ta zo kafin lokacinta, tana cikin kwalba, amma likita ya ce tana ƙara nauyi. Ƙafarta ba ta kai babban yatsana ba. Na tsaya bayan gilashi ina dariya ni kaɗai har wata nas ta tambaye ni ko lafiya.

In an sallame su, gidan surukina Tela, mahaifin matar ɗana, za su sauka, tunda ɗana yana wurin aiki. Na riga kowa cewa ni zan ɗauko su a motata. Sai dai kin san ramin rediyon nan da na toshe da tsumma. Jikata ba za ta fara ganin duniya da tsumma a gabanta ba.

Na je shagon kayan mota. Akwai rediyo mai gilashi, wanda ake shafawa kamar waya, yana haɗuwa da wayar mutum, har yana nuna baya in za a yi ribas. Na kamfani ba na irinmu ba ne. Masu sauƙin kuɗi iri biyu ne: ƙarami mai abin murɗawa a gefe, da babba mai faɗin faranti, gilashi zalla. Ki tambayar mini ɗanki direba, wanne?

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, sabon kaka.

*

Ƙanina,

Na amsa gaisuwa. Allah ya raya ta, ya sa kada ta ɗauko surutunka.

Ɗana ya ce ka ɗauki ƙaramin. Ya ce gilashi mai araha ba kowane yatsa yake ji ba, kai kuwa siminti ya mayar da naka bayan kada. Ni ma na ga yadda kake dukan wayarka kamar ta yi maka laifi. Abin da za ka murɗa ya yi shiru, shi ne abokin tsoho. Kuma ka tsaya kan mai wayarin ya haɗa shi ta makulli, yadda in ka kashe mota shi ma zai mutu, kada ya yi maka aikin sauri.

Saƙonka na ji. Yadda ka kwaikwayi in'inar Tela yana yi wa likita godiya, sai da na riƙe ciki. Amma ka goge shi, kai ma ka san bai dace ba.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba.

Takardarki tana aljihuna na shiga shagon. Na nuna ƙaramin, sai mai shago ya kunna babban, ya cika da launi, ya ce, "Baba, wannan fa in suruki ya shiga sai ya gyara zama." Na sayi babban. Mai wayarin ya ce zai haɗa kai tsaye da batir, ya fi sauri. Na ce to, don ina so in kai asibiti kafin a rufe ƙofar ziyara. Shi ya haɗa mini shi da wayata, shi ya gwada da yatsansa. Saƙon kuma ban goge ba. Na ma sake saurarensa da safen ranar sallama, ina dariya.

Ranar na wanke mota har taya. Tela ya zauna gaba kusa da ni. Matar ɗana da mahaifiyarta suna baya da jaririya. Wayata na jefa cikin jakar kaya a but, can bayan mota. Muna hawa gada, cikin cunkoso, na ce bari in sa wa baƙuwarmu ɗan kiɗa mai sanyi. Na shafa, bai ji ba. Na danna da ƙarfi, bai ji ba. Na ƙwanƙwasa da bayan yatsa, sai ya ji.

Muryata ce ta fito, Yaya, ta ƙofofi huɗu. Farkon lafiya lau, ina cewa yarinya hancinmu ta ɗauko. Ni na san abin da ke tafe. Na shafa, na kankare, na lashi yatsa na goga. Na kashe mota a tsakiyar gada, na baya suna ta oda, rediyo bai mutu ba. Sai ga ni ina in'ina da muryar Tela, ina maimaita "li-li-likita", ina cewa kafin ya gama godiya yarinya ta yi aure. Da dariyata a ƙarshe, doguwa.

Hannunsa yana kan gwiwarsa, kusa da gilashin. Yatsun tela ne, masu laushi, taɓawa ɗaya ta isa. Bai taɓa ba. Ya bari ya ƙare. Na leƙa madubi, na ga matar ɗana ta sunkuyar da kai cikin zanen jaririya. Mahaifiyarta tana kallon ruwan da ke ƙarƙashin gada.

Na tayar da mota, muka ƙarasa. A ƙofar gidansu na sauke kaya. Ya tsaya gabana, ya fara faɗin wani abu, maganar ta sarƙe. Ni kuma don in rage wa kaina kunya na tare shi, na ce, "Ba komai, ba sai ka gode ba." Ya dube ni, ya shiga gida.

Tun ranar ban ga jikata ba. Ba wanda ya hana ni. Nakan tuƙa har bakin layinsu, in hango ƙananan riguna a kan igiya, in juya. Ɗana ya kira, ya ce, "Baba, me ya faru a mota?" Na ce layin waya ba kyau. An ce ta fara buɗe ido sosai. Wa take gani? Kowa ban da ni.

Rediyon na rufe shi da tsumman nan.

Ƙaninki.

*

Ƙanina,

Na karanta, na kasa cin abinci. Ni ma da nawa kason, tunda na yi dariya kafin in yi faɗa.

Kada ka ɗora wa mai shago ko mai wayarin. Rediyo bai ƙara ko kalma ba. Kuma kada ka aika wani dattijo ya ba da haƙuri a madadinka, ba da bakin dattijo ka yi ba. In ƙafarka ta kasa shiga, ai ka iya rubutu yanzu. Jarirai ba sa jira. Kana can kana zagaye layi za ta yi haƙori.

Yayarka.

*

Zuwa ga surukina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka, da mai jego, da jaririya.

Abin da ka ji, ni na faɗa, kuma da daɗi na faɗe shi. Ba zan ce murna ce ta sa ba, don kai ma kana murna a ranar, ba ka ci mutuncin kowa ba. Na wulaƙanta ka a gaban matarka da ƴarka, yarinyar da ban taɓa ganin komai daga gare ta ba sai ladabi.

Ina roƙon ka yafe mini. In ba ka shirya ba, ina roƙon abu ɗaya: a miƙo mini ita a bakin ƙofa in gan ta, ba sai na shigo ba.

Na bar ka lafiya.
Mahaifin surukinka.

*

Wa alaikumus salam.

Takardarka ta iso. Na amsa da takarda don a nan ba mai riga ni.

Ba a miƙa jika a bakin ƙofa kamar ɗinki. Ka shigo ranar Asabar da hantsi, lokacin take farke. Uwarta za ka fara ba haƙuri, ita ta yi kuka.

Kwaikwayo kuwa tun ina yaro nake jinsa, naka ma bai yi kama ba. Amma ranar a ƙofar gida ba godiya zan yi maka ba. In ka zo zan faɗa maka abin da na so faɗa. Za ka zauna, ka kama bakinka, har in kai ƙarshe, komai daɗewa.

Tela.