Ku Bar Katangar Yadda Take

Yaya Gamini,

Gaisuwa mai yawa daga Koriya. Ya Nilmini da yara? Ya Inna da ciwon gwiwarta? Ni lafiya lau. Injin masana'anta ya ɗan taɓa mini yatsu biyu, amma na hagu ne, ka san da hannun dama nake jifan ƙwallo. Kada Inna ta ji.

Na samu labari ƙungiyar wasan ƙwallon kurket ta ƙauyenmu za ta ƙara tsayin katangar da ke tsakanin fili da gidanmu, ta kuma soke tsohuwar dokar nan, cewa duk wanda ya buga ƙwallo ta faɗa gidan ya fita daga wasa. Kaka, mahaifin Inna, shi ne ya kafa ta saboda Baba, lokacin yana saurayi, yana aika ƙwallo ciki da gangan don ya ga Inna tana shanyar barkono. Kaka ya ce, "Yaron nan, ko hannunsa ne ya karkace, ko zuciyarsa." Baba bai daina ba, ya gwammace ya riƙa fita kullum.

Yaya, kai kana birnin Kolombo, ni ina nan. Tun rasuwar Baba, wa ke leƙa Inna ran Lahadi in ba masu neman ƙwallo ba? Takan tare su da faɗa: "Kun sake fasa mini tukunya, marasa kunya." Sannan ta zaunar da su, ta kawo shayi da ayaba. Ta faɗa mini a waya, ranar wasa tun da safe take ɗora ruwa.

Ka je taron da za su yi kan katangar, suna jin maganarka. Su bar katangar yadda take. In don tukwane ne, ni zan riƙa saya.

Ƙaninka mai kewarku,
Sumedha